Lailak ɗin Sitti Nazifa

Akwai wanda ya murɗe saƙo tsakanin gidan muɗawwifi, mai yi wa alhazai jagora, da rumfar Maimuna mai furanni, kuma ko yana raye ko ya mutu, ya san kansa. Kalma ɗaya tak aka ce a kai, wata daban ta isa.

Shekara biyu ke nan bayan yaƙin duniya. Maimuna ta tsufa a unguwar Rusaifa tana haɗa wa amaren Makka wardin Ɗa'ifa da raihani, kuma duk manyan gidajen da take ci da su, ta hannun Sitti Nazifa ta same su. In Sitti ta yatsina fuska sau ɗaya, rumfa ta mutu.

Sitti kuwa, matar muɗawwifin, ba ta buɗe baki sau uku ba ta ambaci ubanta, Basha na Istanbul. In aka ƙura wa launinta ido ta ce uwarta Bahabashiya ce. Ɗankwalinta kullum a ɗaure yake har gefen ido, ko cikin mata, ko ana narkewa don zafi. Ba ta magana da Takari, Hausawan Makka irin su Maimuna, sai ta bakin Dawuda, tsohon mai gadinta.

Da za ta aurar da 'yarta, ta ga hoto a jaridar Masar, amarya rungume da damin furanni kamar mai kai wa akuya harawa. Ta kira Maimuna ta dangwala yatsa a kai.

"Tayyib, ya Sitti," in ji Maimuna. Ta ƙara da Hausa ƙasa-ƙasa, "Kan kabewa kawai."

Sitti ta yi tari.

Washegari Dawuda ya zo rumfa. "Yaya Maimuna, ta ce a sa furen lalle a tsakiya."

Maimuna ta yi mamaki, amma ta tsinko shi a bayan gidan wani Bazazzagi, fari-fari, cunkus, ƙamshi har bakin hanya. Ta kewaye shi da wardi, ta naɗe da zaren alharini.

Sai da ta hau benen biki da la'asar ta ji abin da mata ke ta faɗa: yau za a ga lailak. Matar likita, 'yar Sham, tana bayani cewa furen ƙasar sanyi ne, launinsa shuɗi-shuɗi, Makka ba ta taɓa ganinsa ba.

Maimuna ta koma matakala ta damƙo rigar Dawuda.

"Lailak aka ce maka, kurman banza, ka kawo mini lalle?"

"Wallahi abin da ya fito daga bakinta shi na kai miki."

"Bakin 'yar Basha? Ka kashe ni, Dawuda."

Ba lokacin gyara. Ta shiga da damin, ta miƙa wa Sitti. Matar likita ta miƙo wuya kamar zakara.

"Wannan? Ai lailak ba fari ba ne, ya Sitti."

Sitti ta karɓa, ta cusa hanci a ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Shuɗin na talakawa ne," ta ce. "Fari sai a gidan Basha. A gindinsa na yi rarrafe."

Shi ke nan, aka ɓarke da Masha Allah. Matan da kakanninsu suka yi ƙunshi da ganyen bishiyar nan suka yi layi suna shinshinawa, kowace na rantsuwa ta ji sanyin Istanbul a ƙirjinta. Matar likita ma ta tuna cewa ta taɓa ganin irinsa. Gidaje huɗu suka ce su ma lailak suke so a bikinsu.

Maimuna na lallaɓawa za ta fita, tana yi wa Turkawa dariya a ciki, sai aka riƙo gyalenta a bayan labule. Sitti ce, ba Dawuda a kusa, ɗankwalin ya ɗan zame.

Har gobe akwai masu cewa jinin Basha ce. To, ku musa mini: wace 'yar Istanbul ce mai tsage a gefen ido za ta raɗa wa Maimuna da Hausa, "Rabona da ƙamshin ga tun ina ɗiya Gwadabawa, kuma kan kabewar da kic ce min, na jiya sarai"?