Lungun da Ya Toshe

Ka ce ba wanda ya isa ya ƙayyade wa mutum motocin gidansa, tunda da guminsa ya saya. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai sayar da hatsi a wani babban birni, Allah ya buɗa masa. Gidansa na ƙarshen wani lungu da aka yanka tun zamanin jakuna. Duk ɗan da ya tasa sai ya saya masa mota, don a ganinsa abin kunya ne a ga jininsa a motar haya. Da aka zo da maganar kowane gida ya taƙaita motocinsa, mai shiga tsakiyar gari da mota kuma ya biya kuɗin hanya don a rage cunkoso, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce hanya ta Allah ce. Ya tara abokansa, suka yi ta kai gwauro suna kai mari har maganar ta bi ruwa.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, numfashin mahaifiyarsa ya sarƙe. Ya ɗauke ta cak ya sa a mota zai kai ta asibiti, ya buga wa 'ya'yansa waya. Yara masu son kakarsu, ba wanda ya tsaya jiran ɗan'uwansa, kowa ya figo motarsa ya nufo gida. A bakin lungu suka yi kiciɓis. Shi zai fita, su sun shigo, titi kuma ya cushe a bayansu, ba halin ja da baya. Ya leƙo ta taga zai zagi wanda ya tare masa hanya, sai ya ga duk motocin da ke gabansa shi ya saye su. Tsohuwa ta riƙe hannunsa ta ce, "Ɗan nan, ba mu iso ba?" Ya ce, "Saura kaɗan, Inna." Nan ta cika, ana hango ƙofar gidansa.

Da la'asar aka fito da ita a makara, bisa kafaɗun mutane, kowa a ƙasa. Lungun ya ishe su har da sarari. Shi kuwa yana biye, makullin mota na kaɗawa a aljihunsa, ya kasa ɗaga kai.

Shi ya sa magabata suka ce: son zuciya, ɓacin zuciya.