Tinyar Bakin Rami

Kai da ka shigo mini da gatari a kafaɗa, wai shingen da mahaifinka ya bari ya cinye maka kunya uku a gona, jingine gatarin tukuna ka ji.

A can ƙasar duwatsu akwai wani wuri da aka yi haƙar kuza tun ba a haifi mahaifin naka ba. Haƙa irin ta da: rami a miƙe kamar rijiya, gaba goma ko fiye, mutum ya sauka da igiya, a jawo ƙasa da guga, mata su kwashe a kwano su kai rafi su wanke. Da kuza ta ƙare kowa ya kama gabansa. Gamba ta rufe wurin, itatuwa suka tashi, gada da zabbin daji suka dawo, har hukuma ta mai da shi gandun daji. Ramukan fa suna nan, ciyawa ce kawai ta lulluɓe musu baki. Ana haka aka turo wani sabon malamin daji, kakinsa a goge, mai son a ce ya yi aiki. Ya zaga, ya ga tinya cunkus nan da can, mummunar shukar nan mai ƙaya, wadda in ruwanta ya faɗa maka ido sai dai Allah ya kyauta. Ya ce gobe a sare ta kaf, masu zuwa kallon namun daji su sami hanya. Akwai wata tsohuwa mai tsintar ƙirare a gefen gandun, wadda da ƙuruciyarta ta ɗauki kwanon kuza har gashin tsakar kanta ya daina fitowa. Ta ce masa, "Ɗan nan, ka taɓa ganin tinya ta tsiro a kewaye da kanta? Mazajenmu ne suka dasa ta a bakin duk ramin da suka bari." Ya ce, "To Iya, an ji." Ka dai san irin wannan an ji ɗin. A ransa cewa ya yi tsufa ne ke damunta, ai taswirar da aka ba shi a ofis ba ta nuna rami ko ɗaya ba.

Washegari da hantsi ya shige gaban leburori da adda, zai nuna musu inda za a fara. Garin saran reshe ya daki wani kogon itace, ashe gidan zuma ne. Zuma ta taso masa. Gogan naka ya rufe fuska da hannu ya ranta a na kare cikin gambar da ta fi shi tsawo, ba ya ganin gabansa. Sai ji ya yi ya gwabru da tinya, ta yaga kakin, ta mayar da shi baya ya faɗi wanwar. Har ya buɗe baki zai tsine mata. Addar kuwa ta kuɓuce masa ta tsallake shingen, amma bai ji ta faɗi a ciyawa ba. Shiru. Can ƙasa, da nisa, ya ji tsulum. Da leburori suka kori zumar da hayaƙi, ya sa sanda ya buɗa ciyawar da ke bayan tinyar, sai ga baƙin rami, taku biyu tsakaninsu. Ya zauna daɓas yana maimaita Alhamdulillahi, yana dariya hawaye na zuba, wallahi ko zafin harbin bai ji ba. Da fuskarsa a kumbure ya je ya durƙusa gaban tsohuwar nan. Ba ta ce masa na faɗa maka ba, sandarta kawai ta ɗauka ta shige gaba. Ta nuna masa ramuka ashirin da uku, har da biyu da tinyarsu ta mutu, shi da hannunsa ya sake dasa musu.

To kafin ka ɗaga gatarin nan, je ka tambayi gwaggonka abin da shingen yake tarewa. Hausawa dai sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.