Zuri'ar da Farfesa Ya Binne

"Malam, ni ce ka kashe a shafi na ɗari biyu," in ji wata tsohuwa.

A zauren taron ƙauyensu ne abin ya faru. Wani farfesan tarihi ne ya zo daga Paris don ƙaddamar da littafin da ya ci masa shekara arba'in. A ciki ya yanke cewa zuri'ar masu niƙan hatsi na ƙauyen ta ƙare tun shekara ɗari uku da suka wuce, tunda sunansu ya ɓace daga rajistar cocin Katolika.

Tsohuwar ta dire masa wani tsohon Baibul. Sunaye ne jere a bangonsa, har zuwa nata.

"Mu 'yan Furotesta ne. A wancan zamanin an haramta cocinmu, a daji ake mana baftisma, a ɓoye. Wa zai kai kansa rajista?"

Abokan aikinsa da suka rako shi suka sunkuyar da kai. A nan ne masu ilimi ke fara kame-kame, abin kunya. Shi kuwa dariya ya yi.

"Iya, barka da tashi daga kabari."

Ya buɗe littafin bayanansa, ya zaro fensirinsa, ya juya shi. Magogin da ke gindin fensirin sabo ne fil, bai taɓa goge komai da shi ba.