Agogon Da Zulai Ta Zaɓa

Zulai ta murɗa wani agogon girki, ta kara a kunne, ta ajiye.

"Wannan ma ba shi ba ne."

Safiyanu, mai shagon kayan kicin a kasuwar Makarfi, ya fara ƙosawa. "Hajiya, duk aikinsu ɗaya ne fa. Ki murɗa, lokaci ya cika, ya buga ƙararrawa, ki sauke tukunya. Ko ki ɗauki na batir, ba ya damun kowa da ƙas-ƙas."

"Ƙas-ƙas ɗin nake nema."

Ya zaro wani ɗan ƙarami mai siffar tumatir. Ta murɗa, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Can ta manna shi a ƙirjinta.

"Za ka iya cire masa ƙararrawar?"

"To, yaya za ki san abinci ya nuna?"

"Ba girki zan yi ba, malam. 'Yata Murja aka sa wa ƙarfe a zuciya a asibiti. In ta jingina da ni, haka nake jin bugun. Da azumin nan ta rasu."

Ta dubi agogon.

"Ba ka da wanda ba ya tsayawa?"