Hanyar da Aka Ƙwace wa Lamba

Tun da aka hana ɗan Adam tuƙi, mota ba ta bin hanya sai mai lamba. Malam Jatau ya iso tasha da hantsi, domin yayansa Nomau ya rasu a Gidan Gawo, za a binne shi da la'asar.

"Hanya ta arba'in da bakwai," ya ce wa jami'in tasha.

"An ƙwace mata lambar tun bara, Kawu, an ba sabon titin unguwar manya. Cika takarda, za a duba cikin mako uku."

"To, sai in ce wa gawar ta yi haƙuri." Jatau ya ƙura masa ido. "Kai ba ɗan Tabawa ta Gidan Gawo ba ne? Nomau ne fa ya raɗa maka suna."

"Ni ɗan arba'in da bakwai ne, Kawu, duk inda aka kai ta."

Jatau ya tofar da yawu, ya kama tsohuwar kwaltar da rairayi ya cinye rabinta, yana tafe da ƙafa. Ya isa washegari, ya tarar ƙasar kabarin ta bushe.