Wanzami da 'Yan Tsallaken Tumaki

Kai da kake neman sunan da za ka laƙaba wa masu bin ayari ido rufe, zauna ka ji abin da ya sami wani wanzami. Garinsu ya rabu biyu a kan kasuwa: waɗansu na cewa a mai da ita bakin titi, waɗansu na cewa ko ana ha-maza-ha-mata tana nan inda kakanni suka bar ta. Shi kuwa kawunan kowane ɓangare ta hannunsa suke bi, sai ya lura duk wanda ya zauna aski, maganar na gabansa yake maimaitawa, har wurin da ake yin gyaran murya. Da ya ƙi shiga ɓangare, amininsa maƙeri, wanda suka shekara talatin suna cin tuwo a akushi ɗaya, ya ɗauke ƙafa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya shiga neman sunan da zai farkar da abokin nan nasa. Ran nan ya ga tumaki suna fita daga shinge. Ta gaba ta tsallake wata igiya, makiyayi ya janye igiyar, amma duk wadda ta iso wurin sai ta daka tsalle a fili. Ya ce, madalla, na samu: 'yan tsallaken tumaki.

Kafin Juma'a suna ya game gari. Sai dai kash! 'Yan titi na jifan 'yan tsohuwar kasuwa da shi, su ma suna ramawa da shi, ba wanda ya tsaya ya ce ko da ni ake. Sai ga maƙeri da fara'arsa, ya zauna ya sa hannu a akushi. "Wallahi ka gama da mutanen can, abokina! Tumaki ne sak." Da wanzami ya ja bakinsa, da ya ci tuwonsa da aboki. Amma ya ce a hankali, "Ai dominka na nemo shi." Maƙeri ya tsame hannu, ya zura takalmi, ya fita ko sallama babu. Wanzami ya zauna da malmala biyu a gabansa har miya ta huce. Sunan yana nan yana yawo, kowa na yi wa maƙwabcinsa dariya da shi, mai shi kuwa yana cin tuwonsa shi kaɗai. Hausawa sun yi gaskiya: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.