Ƙwayar Safen Zouera

Hajiya Mardiya ta zazzage fararen ƙwayoyin a masai, ta cika ɗan akwatin da maganin ciwon kai da ta zo da shi daga Maraɗi. Fari ne shi ma, wa zai tsaya dubawa da sassafe?

Kwana tara ke nan da zuwanta Vénissieux, a ƙasar Faransa, kuma kullum sai ta ga ɗiyarta Zouera ta haɗiye abin nan a ɓoye. Ta san wannan ɓoyon. Haka Abdou, autanta, ya fara da tramol, har ranar da aka kawo mata shi cikin likkafani. Ba za ta binne na biyu ba.

Da wata ce da an zaunar da ita an tambaye ta. To, Zouera ɗiyar fari ce, ko sunanta Hajiya ba ta faɗi, balle ta dubi tsabar idonta. Sai ta ɗauki hoton kwalin, tunda ba ta karatun Faransanci, ta aika wa Illiassou, ɗan wanta mai aikin farmasi. Kwana biyu shiru. Haƙurinta ya ƙare.

Ai ma ba ta bukatar shaida. Yarinyar da take bingirewa da barci a kan turmi, wadda aka yi wa ruƙiyya sau uku ba ta daina gyangyaɗi a aji ba, yau ita ce ido tar tun asuba har isha? Wannan ba banza ba.

Ran nan suna da biki a Stains, gefen Paris. Saley, mijin Zouera, ya riga su tafiya a jirgin ƙasa. Hajiya ta ga ɗiyarta ta haɗiye ƙwayar safe, ta yi hamdala a zuci, ta shige bayan mota kusa da jikarta Aya, Zouera ta kama tuƙi.

Sun yi awa biyu a babbar hanya, manyan motoci na wucewa kamar za su kwashe su. Hajiya na jan carbi, zuciyarta wasai, sai wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Illiassou. Ta kara a kunne.

"Gwaggo, ina kwana, a gafarce ni, aiki ya riƙe ni. Ki kwantar da hankalinki, ba ta maye ba ce, likita ya rubuta mata. Ciwon barci gare ta, mai kayar da mutum ko yana tsaye. Tsoron tuna miki Abdou ya sa ta ɓoye. Abu ɗaya dai, ranar da ba ta sha ba, kada a bari ta taɓa mota."

Hajiya ta ɗaga kai, ta ga kan Zouera yana sauka a hankali bisa sitiyari, kuma karo na farko a shekara talatin da ɗaya ta ƙwala kiran sunanta.